Rigar da na ɗinka don zuwa Yamai

Yayana Ishaku ya dawo Gangara daga sojan Faransa da lambar yabo biyu, ba ido ko ɗaya. Shekara bakwai ni ne idonsa. Ni ke riƙe masa sanda zuwa masallaci, zuwa kasuwa, har gona, don ya ce sai ya taɓa geronsa da hannunsa.

Sai ya sayi wani ɗan kwikwiyo wajen mafarauta, wai ya ji a asibitin soja ana koya wa karnuka jagorancin makafi. Gari ya yi ta dariya, ni ma na taya. Ya sa masa suna Kafaran, wato kofur a sojan Faransa. Kafin damina biyu karen nan ya san hanyar rijiya, ya san kwari, ya san mai ƙosan da ba ta ƙona mai. Ni kuwa aka sallame ni ba ko sannu. Na ji haushi, har yau ina ji.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, takarda ta zo daga buro, ofishin gwamnati da ke Agiye: za a kai Ishaku Yamai a jirgin sama, likita ya duba idon, tare da jagora guda. Na ruga na ɗinka riga fara sol. Ranar tafiya ya ce, “Rabo, ka raka mu Maradi da akwati. Da Kafaran za ni tahi.”

Kwana biyu muna hanya, ina sanye da rigar, ina ta tafasa.

A filin jirgi, ana ta da inji kare ya haukace. Ya yi ta kuka yana turjewa, ya nannaɗe ƙafar ubangidansa da igiya. Matuƙin ya ce in bai natsu ba a bar shi, mutum ya shigo madadinsa. Mutumin kuwa ni ne. Wallahi daɗi ya kama ni.

Akwai abin da Ishaku bai sani ba. Jarumin nasa tsoron tsawa yake. Duk ranar da hadari ya taso, ɗakina yake faɗowa, in jefa masa tsohuwar rigata a ka don ya raba ni da kuka, sai ya lafe yana shinshinar gumina. Shiru kawai zan yi, kujerar ta zama tawa.

Sai na dubi Yaya. Ya juya fuskarsa inda ba kowa, yana laluben igiyar. “Rabo, mi ya same shi? Ka gaya mini.” Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Na tuɓe rigar, na lulluɓe kan karen, na danna wuyansa ƙasa. Ya yi tsit. Na ɗora hannun Yaya a wurin na ce, “Riƙe nan, kak ka saki sai kun sabka.”

A bakin ƙofar jirgin ya lalubo kafaɗata don sallama, ya ji fata ba riga. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Idon bai gyaru ba. Ya dawo ya yi shekara ashirin yana ba 'yan kasuwa labarin jarumtar Kafaran a sararin sama, ina gefe ina sakin tsaki. Bayan rasuwarsa na buɗe akwatinsa na soja, na tarar da rigar a ninke, lambobinsa biyu a cikinta. Ita dai ta ga Yamai. Ni ban taɓa wuce Maradi ba.