Ƙuliƙulin Ma'u ta Wagini

Duk wanda ya tashi a Wagini zamanin da aka fara kashe naira ya san Ma'u mai ƙuliƙuli, ya kuma san bakinta. Tun tana amarya take matsar man gyaɗa. Mijinta ya rasu, da sana'ar ta riƙe gida. Yara su ci ƙuliƙuli, ragowar tunkuza kuma Yero, wani makiyayi na wajen Ruma, ya kwasa ya ba ragunansa.

Wata shekara ruwa ya yi ta zuba bayan an cire gyaɗa, ta kwana a jiƙe, fumfuna ta hau ta. Ma'u ta ce abin da wuta za ta soya ba ya cuta, ta ci gaba da aikinta.

Ragunan Yero suka fara mutuwa. Yara a unguwa, har da jikokin Ma'u, idonsu ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce. Yero ya kai kuka wajen malamin dabbobi a Safana, sai ga mota da mutum uku: shi malamin, da malamin gona, da wata malamar asibiti mai suna Lami. Ɗaya ya buɗe cikin rago, ɗaya ya leƙa rumbuna, Lami ta bi gida-gida tana tambayar abin da yara suka ci. Duk hanyar ta ɓulle a ƙofar Ma'u.

"Inna, gyaɗar nan ce," in ji Lami cikin ladabi. "Dafin fumfunar ba ya jin wuta. Abin da ya taɓa hantar ragon, shi muke zargi a jikin yaran."

Ma'u ta miƙe da muciya a hannu. "Ke 'yar wa? Jikokina kike haɗawa da tumaki? Kafin a haifi uwarki nake suya a garin nan!"

Mai unguwa ya sa baki, aka kwashe buhunan gyaɗarta aka ƙone a bayan gari, jama'a na kallo. Daga ranar ba wanda ya ƙara aiko yaro gidanta. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta gifta, har aka laƙaba mata mai guba.

Da kaka ta zagayo, mutanen suka dawo suna koya wa manoma yadda ake shanya gyaɗa da tsince ruɓaɓɓiya. Lami ta yi sallama gidan Ma'u, don ta riga ta ce wa mutane laifin na damina ne, ba na Ma'u ba. Ma'u ta watso ruwan wanke-wanke ta kan zana.

Ta koma sayar da daddawa, ciniki ba yabo ba fallasa. Ciwon yaran ya lafa, ta ce dama lokacinsa ne ya wuce. Ko da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta hana a kai ta asibiti. Yero ya zo gaishe ta, ta juya fuska bango har ya gaji ya fita.