Yadda Muka Talauta Motata

Shekarar da na ajiye aiki a Abuja na dawo Anka, abin da na zo da shi na a zo a gani shi ne mota. Tsohuwa ce, ruwan toka, na saye ta hannun wani da ya saya hannun wani, shi ma ba shi ya ɓare ledarta ba. In na tashe ta da safe sai ta yi tarin da kajin unguwa ke watsewa, maƙwabcina kuma ya leƙo ya yi mata sannu. Amma lambarta ta Abuja ce, gaba da baya.

Aikina a can ba wani aiki ba ne. Mai kula da sito ne ni a wata ma'aikata, tsintsiya da bokiti da kwan fitila su ne talakawana. Lambar mota kuwa ba ta faɗin wannan. A shingen kan hanya sai a duƙa a leƙo, a ga hulata, a ce ranka ya daɗe, a ɗage ƙarfe. A wurin ɗaurin aure ana tashin malamin makaranta daga kujera a ba ni. Shagon taki da maganin feshi da na buɗe a bakin kasuwa ya koma ofishin neman aiki, kowa da takardun ɗansa. Ni kuma ina karɓa ina cewa za a duba. Na ji daɗin abin, har tumbi na ƙara.

Inna tana ƙauyenmu a ƙasar Bukkuyum, wurin Yayana da ke riƙe da gonakin gida. Gwiwarta ta dama ta daɗe tana damunta, likita a asibitin Gummi ya ce a riƙa kawo ta duk wata. Da babur ake kai ta, Yaya a gaba, matarsa a baya tana tallafe da ita. A damina gwiwar ta kumbura har ta ƙi lanƙwasuwa, hawa babur ya gagara. Da na ji, na buga wa Yaya waya da muryar mai mota, na ce wannan ai ba matsala ba ce, jibi ina nan tafe.

"Da wace mota?" in ji shi.

"Mota nawa gare ni, Yaya?"

"In wagga mai lambar Abuja ce, kak ka kawo muna ita. Ko a mahwalki kak ka biyo da ita ta nan."

Na ɗauka wasa yake, sai ya yi mini bayani a hankali kamar yana karanta farashin gero. Mutanen daji suna da masu kai musu labari a kowane gari. Ba sa shiga gida su ga abin da ke tukunya, abin da ya tsaya a ƙofar gida suke gani. Da sallar bara ɗan wani maƙwabcinmu ya zo daga kudu da motar aro mai baƙuwar lamba, ya kwana biyu ya koma. Kafin wata ya ƙare aka zo aka tafi da uban, sai da gonarsu ta fadama ta tafi kafin ya dawo. Yaya ya ce shi gona ɗaya gare shi ta kirki, kuma yana son ta.

Na kai maganar majalisarmu ta wurin mai shayi, inda ba a taɓa rasa shawara ba. Wani ya ce in cire lambar gaba ɗaya. Aka ce masa mota marar lamba ai ta manyan jami'ai ce, ya ƙara mata girma ke nan. Wani ya ce in rufe ta da baƙar fata, aka ce wannan sai 'yan siyasa. Taubashina, wanda bai taɓa ganina ya bar ni na sha iska ba, ya ce in sayar da motar in sayi jakai biyu, ɗaya na Inna, ɗaya in riƙa hira da shi tunda hankalinmu ɗaya. A ƙarshe dai aka tsaya a kan abin da kowa ya sani tun farko: in je Gusau in sauya rajista, a ba ni lambar gida.

Hanyar Gusau ba a kama ta sai rana ta ɗaga motoci sun fara wucewa, ba a kuma barin la'asar ta same ka a kanta. Don haka aikin da zai ci yini guda a wani wuri, ni sai da na yi ta zarya. A ofishin haraji na sami wani jami'i mai furfura da tabarau a kan hanci. Na faɗa masa buƙatata, ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, ka san doka ba ta tilasta maka ba? Lambar Abuja tana aiki ko'ina a ƙasar nan."

Na ce na sani.

"Nan kullum roƙona ake yi in nuna hanyar samun irin taka. Kai ne na farko da ya zo zai yar."

Na ce masa tsohuwata ce ba lafiya, kuma ƙauyenmu yana yamma. Ya mayar da tabarau ya jawo takardun.

Nan aka gano lasin motar ya mutu tun ina Abuja, inshora ma ta bi shi, ba wanda ya yi musu salla. Shingayen da ke ɗage mini ƙarfe ba su taɓa tambaya ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Na biya na baya, na biya na sabuwar rajista, na biya na lamba, kowanne da layinsa a banki da rasit ɗinsa. Aka tura ni wurin 'yan sanda su tabbatar motar ba ta sata ba ce. Wanda ya duba ta ya zagaya sau ɗaya ya ce ko ba takarda shi zai iya shaida, ɓarawo ba zai wahalar da kansa ba. Daga nan sai masu duba lafiyar mota. Suna son ganin lambar inji da idonsu, ita kuwa tana ƙarƙashin baƙin mai da ƙasar jihohi huɗu. Bakanike ya yi ta kankara da fetur da tsumma har na fara tsoron in ya gama ba za a sami injin ba, don ina zargin dattin ne ke riƙe da shi. Lamba ta fito, ta dace da takarda. Fitilar birki ɗaya ba ta kamawa, aka sa na gyara na dawo.

Da aka zo zaɓen ƙaramar hukumar da haruffanta za su hau lambar, na ce Bukkuyum. Na miƙa tsofaffin lambobina biyu. Jami'in ya jefa su cikin wani kwali a bayan kujerarsa, suka yi ƙara kamar murfin tukunya. Aka ce in jira a bugo sabuwa.

Ana cikin jiran ranar Inna ta asibiti ta wuce. Na yi ƙoƙarin ɗaukar shatar mota, direbobin suka ce ba sa sauka daga kwalta zuwa wajenmu sai ranar kasuwa, ranar kuwa a cike suke, ba inda za a miƙe ƙafa. Matar Yaya tana gasa mata gwiwar da ruwan zafi. In na kira, Inna ta ce, "Lahiya lau nike, Auta," ni kuma ina jin yadda take jan numfashi kafin ta faɗa.

Ranar da lamba ta fito na yi abin da duk mai hankali zai yi, wato kuskure. Na kai motar aka wanke ta ciki da waje, aka shafa wa tayoyi baƙi, aka ɗaura sababbin lambobi farare tas masu ɗaukar ido. Na shigo Anka ina jin na gama aiki.

Kafin in kashe inji an kewaye ni. "Allah sanya alheri! Allah tsare hanya!" Na ce ita ce dai ta da, aka yi dariya aka ce Alhaji akwai ɓoye arziki. A wurinmu sabuwar lamba sabuwar mota ce, ba a taɓa ganin wanda ya sa wa tsohuwa ba. Mutanen da suka sha tura motar nan da hannunsu suka tsaya suna shafa ta suna cewa wannan ta fi waccan lafiya. Aka nemi goro, na saya. Wani maroƙi ya taso tun daga tasha ya kafa mini kirari a ƙofar gida, ya ce ni ne mai mota biyu, ɗaya a birnin tarayya tana hutawa. Maiɗakina tana daga zaure tana dariya har da riƙe bango.

Labarin ya riga ni isa ƙauye, kuma a hanya ya yi ƙiba. Can aka ce uku ne.

Kashegari da hantsi sai ga Yaya a kan babur, rawaninsa duk ƙura. Bai amsa gaisuwata ba sai da ya zagaya motar ya tsaya a gaban lambar, inda fuskarsa ta fito kamar a madubi.

"Mi ka aikata haka?"

"Abin da ka ce, Yaya. Ga haruffan Bukkuyum nan."

"Ni na ce ka wanke ta?"

Ya zauna a kan buhun taki ya sha ruwa, ni kuwa na fara lissafin kuɗin jakai. Sannan ya tambaye ni yaushe ce kasuwa mafi kusa a kan hanyar Gummi. Na faɗa masa. Ya ce to in shirya, daga ranar ni direban haya ne.

Ya kai ni wurin shugaban tasha, abokinsa ne tun suna yara. Shugaban ya ce lambar haya jan rubutu gare ta, tawa shuɗi ce, in fara yankar tikitin yini amma in koma Gusau in daidaita. Na koma kuwa daga baya, jami'in mai tabarau ya ce in na sake dawowa kujera zai ba ni a ofishin. Aka cire mini hula mai aiki aka ba ni wata da ta ga duniya. Aka loda wa motar buhunan dusa har but ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da igiya. Kaji a ƙarƙashin kujera, jarkokin manja a sama, fasinja huɗu a baya, biyu a gaba, ɗayansu rabin jikinsa a kan giyata. Lambar ba mu taɓa ta ba, doka ta hana, jar ƙasar hanya ce ta yi mata abin da ya kamata tun a zuwan farko.

Kasuwa uku na yi ina wannan kai da kawo tsakanin Anka da Gummi, labari ya juya. Aka ce ashe korata aka yi daga aiki. Aka ce motocin biyu banki ya ƙwace, wannan ma ta wani ce nake yi wa haya. Masu takardun neman aiki suka zo suka karɓe abinsu. A shinge aka daina ranka ya daɗe, aka koma "Kai direba, sauko," kuma a karon farko aka nemi takarduna, na miƙa su cikakku ina murmushi har mai dubawa ya tsargu. Taubashina ya tare ni a tasha ya ce tun da can ya san kamannin kwandasta gare ni, an dai yi mini ƙarin girma.

A kasuwa ta huɗu na sauka daga kwalta na shiga ƙauyenmu da lodin dusa da wata mata mai kaji. Na tsaya a ƙofar gidanmu, ko yaran da ke wasa a gindin itacen bedi ba su taso ba. Muka ɗauko Inna ni da Yaya, muka tura kujerar gaba baya, muka miƙe mata ƙafar a kan matashi. Kafin in shiga Yaya ya ja ni gefe ya ce Inna ba ta san shiri ne ba, kuma kar in faɗa mata, don duk abin da ta sani matan da ke zuwa gaishe ta sun sani kafin azahar.

Mun hau kwalta tana ta kallona ta gefe, ni da hular da ta ga duniya.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Na ji abin da ya hwaru. Kak ka sa ma ranka. Haya ma sana'a ta, ubanka da jaki ya yi tashi."

Na ce to, Inna, na gode. Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon hanya.

A Gummi likita ya yi faɗan jinkiri, ya zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar, ya sauya magani, ya ce da an ƙara wata guda da sai an tura ta Sakkwato. Muka dawo kafin la'asar. Da muka sauke ta ta ce kar in tafi tukuna, ta sa matar Yaya ta kwanto tunkiyarta mai ciki, wadda ko Yaya ba ya taɓawa. Ta ce in tafi da ita in ja jari. Na dubi Yaya, ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari. Na buɗe but na sa tunkiya a kan dusa, na ɗaure igiya.

Duk wata ina zuwa ranar kasuwa in kai Inna asibiti in dawo da ita, yanzu har tana takawa zuwa mota da sanda. Duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta ce a sa Auta a addu'a, abubuwa sun yi masa tsauri. Tunkiyar tana bayan shagona, ta haifi biyu.