Malam Ja'afar da Tekun Cikin Kwamfuta

A layinsu na Gyadi-Gyadi ba wanda zai ce ya taɓa ganin Malam Ja'afar Tanko ya zauna ya shanye kofin shayi. A tsaye yake sha, yana kaɗa makullin babur, idonsa na kan titi kamar mai jiran baƙo. Matarsa Husaina, wadda nas ce a asibitin koyarwa, takan ce da kujera na magana, da ta falonsu ta rantse ba ta san shi ba.

Ilimin duwatsu da ƙasa ya karanta a jami'a. Yana gama bautar ƙasa ya bi masu haƙa rijiyar burtsatse, yau Jigawa, gobe Yobe, jibi Sakkwato. Aikinsa shi ne tsugunno a bakin rami. Duk abin da inji ya tofo sai ya damƙa ya murza, ya ga ko yashi ne, ko laka, ko tsakuwa, da zurfin da aka same shi. Aikin ya dace da halinsa, don kafin gari ya gundure shi an naɗe kaya. Sai wata rana bututun ƙarfe ya kuɓuce daga mota ya make shi a ƙugu. Ya warke, amma likita ya hana shi doguwar tafiya.

Zaman gida ya kusa zautar da shi. Ya kwance fanka ya ɗaura. Ya sauya wa gado wuri, ya mayar. Ranar da Husaina ta dawo daga aiki ta tarar ya ciro ƙyauren banɗaki yana gogewa, ta ajiye jaka ta ce, "Baban Maryam, don girman Allah ka nemi abin yi kafin ka kwance mana rufin gida."

Abokinsa Mubarak, mai shagon kwamfuta a Darmanawa, shi ya haɗa shi da wata kwaleji mai zaman kanta a Tarauni da ke neman malamin wucin gadi. Cikin abin da aka ba shi akwai darasin yadda hawan teku da saukarsa ke jera duwatsu hawa-hawa. Ya zana a allo, ya goge, ya sake zanawa. Ya ce yashi yana kwantawa kusa da gaɓa, laka ta wuce can ciki inda ruwa ya natsu, farar ƙasa ta taru a nesa. In teku ya hau, kowanne sai ya matso wajen tudu ya hau kan ɗan'uwansa. Ɗalibai suka zuba masa ido kurum.

Wani daga baya ya ce, "Malam, mu fa ko dam ɗin Tiga ba mu taɓa zuwa ba, balle teku."

Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Abin ya tsaya masa a rai har gida.

Mubarak ne ya nuna masa wata manhaja ta kyauta da ake kwaikwayon teku da ita. Ka faɗa mata yawan yashin da kogi ke kawowa da yadda ruwa zai hau ko ya sauka, ita kuma ta jera maka shekaru dubbai cikin launuka. Koyonta ya ba shi wuya. Tsohuwar kwamfutarsa kan ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar lissafi, har ya koma ɗora ta kan faranti da ledojin ruwan sanyi a ƙarƙashi. Kafin ta gama aiki ɗaya ya zagaye tsakar gida ya gaji, ya leƙa waje, ya dawo.

Ranar da ya haska ta a bangon ɗakin kwamfuta na kwalejin, ba wanda ya yi hamma. Ya ɗaga ruwa, shuɗi ya mamaye tudu, baƙar laka ta bi ta rufe ruwan ɗorawar yashi. Ya sauke shi, yashi ya dawo ya haye kan laka.

"To kun ga abin da injin haƙa yake ratsawa," in ji shi, yana kai da komo gaban hasken. "In ka ga laka a kan yashi, ruwa ya ƙara zurfi a wurin, gaɓa ta ja baya."

Wata ɗaliba mai suna Binta, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. "Malam, in teku yana hawa, kogi kuma yana ta kawo yashi da yawa fa? Wa zai rinjayi wani?"

Ya tsaya cak. Ya san amsar a littafi, amma bai taɓa gani da idonsa ba. Ya ja mata kujera. "Zo ki gwada da kanki."

Ta ninka yashin, ta bar ruwa yana hawa. Sauran ɗalibai suka matso suna kallon bango. Da hoton ya fito, sai ga gaɓa tana kutsawa cikin teku duk da hawansa, yashi yana cike gurbin tun kafin ruwa ya mamaye. Malam Ja'afar ya buga tebur har majigi ya karkace. Daga ranar ya daina riƙe kwamfutar. Ya raba su rukuni-rukuni, kowa ya yi hasashe a takarda tukuna, sannan a kunna a ga wanda ya ci.

Daɗin bai ɗore ba. Zango na biyu mai makarantar ya kira shi ofis ya ce za a mai da ɗakin kwamfuta cibiyar jarrabawa.

"Ranka ya daɗe, ko Asabar kawai a bar mana."

"Malam Ja'afar, ka koma allo. Da can da me aka koyar da ku?"

Ya koma allo, amma ransa ba ya wurin. Ana cikin haka tsohon ubangidansa ya bugo waya, akwai haƙa a Gombe. Husaina ta tuna masa maganar likita, ta roƙe shi, daga ƙarshe ta yi fushi ta daina tankawa. Ya ɗau jaka ya nufi tashar Unguwa Uku.

Bai cika wata biyu ba ciwon ya tashi, aka dawo da shi kwance a bayan mota. Tare da shi aka sauke buhu cike da ƙananan ledoji, kowace da yashi ko laka daga zurfi daban na rami guda. Husaina ta dubi buhun, ta dube shi, ta ce, "Sannu da zuwa." Ta wuce ta ɗora ruwan zafin gasa masa ƙugu.

Bai koma kwalejin ba. Yanzu duk Asabar da safe Mubarak yana ba shi bayan shagonsa, ɗalibai kamar goma suna zuwa, wasu ma daga jami'a. Sun shimfiɗa ledojin Gombe a kan benci daga na ƙasa zuwa na sama, suna ƙoƙarin sa manhajar ta fitar da irin jerin. Ta ƙi. Akwai wani kaurin yashi a tsakiya da ba ya fitowa ko yaya aka juya ruwan. Malam Ja'afar ya dage teku ne ya sauka da sauri. Binta ta ce kogin ne ya sauya hanya, kuma manhajar ba ta iya nuna wannan ba. Makon jiya sun yi musu har aka kira azahar, ya tafi masallaci yana dogara sanda, ya dawo ya ce a rage zurfin a sake kunnawa.