Kafin Wanzami Ya Zo

Shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara ina aji huɗu a Zurmi, amma ko sunana ba na iya faɗa kai tsaye. In'ina gare ni, irin wadda sai na buga ƙafa, idona ya kawo ruwa, kafin kalma ta fito. Na sha rubutu har na gaji. Aka kai ni asibiti a Ƙaura, wani ma'aikaci ya duba bakina ya ce harshena lafiya lau, a riƙa sa ni jan numfashi ina magana a hankali, a kuma daina katse ni. Baba ya ga wannan ba magani ba ne. Ya ce ran Juma'a wanzami zai zo ya yanke min ƙasan harshe.

Wallahi tsoron askar nan ya hana ni cin tuwo. Kakata, Inna Dije, ita kaɗai ta riƙe maganar asibiti. Bayan isha'i, a bakin murhunta, takan ce, "Taho nan, mijina. Ja numfashi. Mi kake ma gaggawa? Ba inda za ni." Sai ta jira ni. Ko wutar za ta mutu ba ta ƙarasa min magana.

Daren Juma'ar ta jawo tatsuniya, mu yara muka ce ta zo, kunnuwanmu a buɗe. Wai kurciya ce ta hango gobara a daji, ta taso gari a gigice, bakinta na sarƙewa. Mai gari ya ce hatsi take so. Matarsa ta ce a'a, ƙishirwa ce. Aka watsa mata gero, aka koma hira. Tana nan tana fama har wuta ta cinye rumbuna. Inna ta ɗaga murya fiye da kullum: "Da sun zamna sun jira ta, da ba su kwan da yunwa ba!"

Na kwanta ina kuka. Na ɗauka ni take wa faɗa, in riƙa sauri kar in jawo asara.

Da safe wanzami ya zo. Na so in roƙi Baba, na kama "Ba… Ba…", sai ya ce, "Na sani, tsoro kake ji," ya riƙe min kai. Kwana takwas kunu kawai nake sha. In'inar kuwa tana nan har yau.

Sai da na girma na gane ba ni ta yi wa tatsuniyar ba. Baba na zaune bayan zana a daren, da rediyonsa, yana bin labaran Gusau. Ko ya ji ta, ko rediyon ya danne muryarta, har ya rasu ban tambaye shi ba. Tambayar doguwa ce, kuma na san ba zai jira in kai ƙarshenta ba.