Duron Shunin da Na Ceto daga Ginin Bashi

Karatun bokona bai kai ya kawo ba. Mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makarantarmu a Damagaram, ya gaji da ni tun kafin in gaji da shi, sauran ilimin kuwa a sitocin Aubervilliers, gefen Paris, na same shi, da kwali a kafaɗa. Can na koyi abu guda da ya zauna mini daram: in aka ce wuri na bashi ne, kwashe naka ka fita. Da idona na ga an garƙame wani sito, ma'aikacin kotu ya manna takarda a ƙofa, kayan waɗanda ba su ci ba su sha ba suka rube a ciki. Wani ɗan Kamaru da ya ajiye atamfofinsa amana a wurin, har ya bar ƙasar bai sake ganinsu ba.

Autata tana jami'a a Lyon, sashen zane da sana'ar hannu, kuma rini ta zaɓa. Kakanta, mahaifina, marini ne. Ni na gudu daga bakin karofi saboda wari, ita da aka haifa a Paris ta bi warin har jami'a. Tana da duron roba cike da ruwan shuni, ta haɗa shi da toka irin na gida, ta yi wata da watanni tana lallaɓa shi. Ruwan shuni abu ne mai rai. Yana son ɗumi, ba ya son girgiza, in ya mutu sai zubarwa. Da shi za ta rina ƙyallayen da za ta nuna wa malamanta a jarrabawar fita, in ya mutu shekararta ta mutu.

Cikin sanyin hunturu ta kira ni, muka gaisa a gurguje.

"Baba, za a gyara mana sashe. Sabon ɗakin wasan kwaikwayo, sababbin tagogi, har da wurin rini mai fanka."

"Madalla. Wa ya ba da kuɗin?"

"Hukuma ce ta sayar da takardun bashi. Mutane su saya, a yi ginin, a riƙa biyansu a hankali."

"Wato ginin na bashi ne."

"To, kusan haka."

"Duronki yana ina?"

"Yana ciki mana. An bar mana ɗaki mai ɗumi a ƙasa har a gama aikin."

Na ce Allah ya sa alheri. Ko ina na juya, takardar nan ta ƙofar sito nake gani. Uwarta ta ce, "Malam, gwamnati ce fa, ba mai siton layinku ba." Na ce gwamnati ma ai tana da masu binta, kuma mai bin bashi ba ya tambayar na wane ne wannan duro.

Ina da aboki ɗan Chadi mai kamiyo, wato babbar motar kaya, yana kai wa shagunan Lyon kaya. Da na gaya masa shirina, ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, da furfurarmu za mu je satar duro?"

"Ceto ne."

"Ita mai duron ta sani?"

"In ta sani za ta hana. Yaran yanzu ba su san bashi ba, sai a takarda."

Muka isa jami'ar da hantsi. Wurin ya kacame, ga leburori, ga ɗalibai suna fitar da kaya, ga ƙura. Na sa rigata ta aiki mai ƙyalli. A ƙasar nan tsoho baƙi mai rigar aiki da keken tura kaya iska ne, ba mai ganinsa. Hancina ya kai ni ɗakin, don warin nan ko a kabari na ji shi zan gane. Muka ɗora duron, muka gangaro da shi, muka cusa a bayan kamiyo inda sanyi yake kamar cikin firij. Sai muka ɓata a hanyar Vaulx-en-Velin, inda autata take haya. Muka yi ta kewaya gidajen nan masu kama da juna, duro yana ta ɓalam-ɓalam a baya. Muka tsaya azahar, muka ci abinci, ina jin kaina kamar wanda ya fitar da jariri daga gobara.

Na kira ta na ce ta zo ƙofar gidanta, na kawo tsaraba.

Da ta ga duron ba ta ko gaishe da abokina ba, ita da ba ta wuce babba. Ta ɗaga murfin. Kumfar nan mai ƙyallin jan ƙarfe da take aiko mini hotonta ta watse, ruwan ya yi fari-fari kamar idon mara lafiya. Ta taɓa jikin duron, ta janye hannu.

"Baba, me ka yi?"

Na ba ta labarin sito da ɗan Kamaru. Ta zauna a kan matakala.

"Ba a kulle jami'a don wannan, Baba. Masu sayen takardun ba sa zuwa da kwaɗo. Yawanci asusun ajiya ne da na 'yan ritaya. Wataƙila ma kuɗin ritayarka suna ciki."

Abokina ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. "Ashe kai ne mai bin bashin, Alhaji. Daga hannunka ka ceci duron." Ya shiga kamiyonsa ya bar ni da abin da na shuka.

Muka hau da duron ɗakinta, muka jingina shi da na'urar ɗumama ɗaki. Ta naɗe shi da bargonta, na ƙara da babbar rigar da na taho da ita don Juma'a. Sai ta tambaye ni, a hankali, "Kakana me yake yi in karofi ya yi sanyi?" Na laluba kaina kaf. Abin da na tuna kawai, yana ɗanɗana ruwan da harshe, sannan ya zage ni. Na tsoma yatsa na lasa. Ɗaci na ji, harshena ya yi shuɗi, ban ƙaru da komai ba. Sai ta kira malamarta, ita ta ce a zuba ɗan dusa, a ba shi ɗumi, kowa ya cire hannunsa. Na san da wa ake.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Kowace safiya ta tsoma ɗan ƙyalle, ya fito toka-toka, ta ajiye. Ba ta yi mini faɗa ba. Gaishe ni take yi cikakkiyar gaisuwa, har da durƙusawa, ta kawo mini shayi, wannan kuwa ya fi zagi zafi. Maƙwabciyarta ta buga ƙofa tana tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakin, na ce muna dai roƙon Allah kada ya mutu. Uwarta in ta kira ba ta tambayar lafiyata, sai ta duro. Ni kuwa ina zaune gabansa da tasbaha, ina kasa kunne kamar zai yi tari.

Wata safiya ƙyallen ya fito kore kamar ɗanyen ganye. Ta ɗaga shi a iska, muna kallo, ya soma juyawa daga gefe har ya zama shuɗi. Shuɗin bai kai na da ba, ko ni na ga haka.

"Ya tashi?"

"Yana numfashi," in ji ta. "Sai dai kowane ƙyalle sai na yi ta tsoma shi."

Abokan karatunta ne suka mayar da duron ɗakinsa, a mota mai ɗumi. Ba a gayyace ni ba. Ta yi ta tsomawa har hannuwanta suka tsage, ta ci jarrabawarta. Ƙyallen da ya fi kowanne kodewa ta ba ni, ta ce in riƙa naɗawa a wuya, kuma ina naɗawa.

Da aka buɗe sabon sashen ta kai ni. Ta nuna mini tagogi da wurin rini mai fanka, tana cewa in duba abin da kuɗina suka yi. Na yaba, na sa albarka. Da muka zo fita na ɗan tsaya baya kamar ina gyara takalmi, na duba ƙofar ciki da waje ko an manna wata takarda.