Wutar Goggo Tani Ta Damari

"Baba Gide, wannan ɗan tsingaron naka garwashi nawa zai ɗauka?"

"Zuba yadda ya samu, Goggo. Uwargidana na can tana rawar ɗari, ta ce in ba wuta kada in komo mata."

"Ai gara ta kore ka, mu huta!"

Haka gari ke wayewa a gidan Goggo Tani duk hunturu, a unguwarmu ta Damari. Tun da ashana da kananzir suka yi tsada, daji kuma ya ƙi shiguwa balle a yi itace, wutarta ce ba ta mutuwa. Guntun kirya take turawa a murhu, ta jera totuwar masara da busasshen kashin shanu, ta rufe da toka. Da asuba ta tone, sai ga garwashi jajir. Mata da tsofaffi su zo da tsingaro ko murfin kwano, a ɗumama hannu, a yi tsiya, kowa ya tafi da rabonsa. Na karanta labaran masoya iri-iri, wallahi ban ga ƙauna mai ɗumi kamar wannan ba.

Amma ba wuta kaɗai take rabawa ba. Goggo na lura da wanda bai zo ba, don gidan da bai ɗebi wuta ba, ba shi da abin ɗorawa a kanta.

Goggo, ke ce uwar unguwa. Kina zuwa coci ranar Lahadi, amma da garwashinki liman ke ɗumama ruwan alwala. Yanzu gwiwoyi sun gaji, ɗanki Ishaya zai tafi da ke Funtuwa ki huta. Mun gode, Allah ya saka miki. Mu kuma da muka rage, don Allah mu riƙa duba hayaƙin maƙwabta.

Jiya da aka taru sallama, abin da ke ran kowa ke nan: in ta tafi, wa zai lura? Sai Zulaihatu, wadda mijinta ya tafi neman kuɗi kudu, ta miƙe.

"Bara na ƙi fitowa don kunya," in ji ta. "Sai ga Goggo da garwashi, da garin dawa ƙunshe a gefen zane. Ta ce wai ajiya ce, in cinye mata kafin ƙwari su riga ni."

Aka kwashe da dariya, wasu na share ido. Goggo ta ce, "Ke dai kin cika surutu, ɗiyar nan."

Zulaihatu ta durƙusa gaban murhun, ta kwashi garwashi cike da kasko, ta ɗaga murya.

"Ku ji, jama'a! Daga gobe a gidana za a ɗebi wuta. Wanda kuma ban gani ba, zan biyo shi har ɗaki."