Ranar da Na Gyara wa Koci Raga

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, akwai rana guda a Doha da na san zai bar mini, don ina jin an ajiye ta ne musamman saboda duk lokacin da girman kai ya motsa mini.

Direba ne ni a lokacin, ina jan bas ɗin wata kwaleji. Bokona bai wuce karanta lambar mota ba, amma ni ɗan masunta ne daga Yawuri, kuma har gobe ban yarda akwai wanda ya fi ni saƙa raga ba. Wannan alfaharin shi ya kai ni ya baro.

Ana tsakiyar korona aka kawo mana wata koci, ƴar Jos, Kirista, wadda aka tafi da ita Amurka tun tana ƙarama. Wasan da take koyarwa sunansa lakuros. Sanda ce mai ƴar raga a kai, kamar homar kamun kifi da ba ta girma ba, ƴan mata na cafe ƙwallo da ita suna gudu. Ranar da na fara gani na ce mata, "Ƴata, kogin fa yana ina?" Ta yi dariya, cikin Hausarta ta Jos ta ce, "Baba, kai ma ka fara?"

A hanya take ba ni labarinta. Shekaru ta yi tana mataimakiya, daga wannan kwaleji zuwa waccan, ita ce wanke riguna, ita ce jan mota. Sai da ta zama babbar koci, ba ta ko gama jera hotuna a ofis ba, cuta ta zo aka rufe ƙungiyar. Shi ne ta taho Doha ta kafa wata. Nan ma ta waya ta fara koyarwa, kowace yarinya na jifan bangon gidansu, maƙwabta na zagi. Na ba ta shawara irin tamu ta manya, na ce ta koma aikin asibiti kamar ƴan garinsu da ke unguwar Muntaza a nan Doha. Ta ce, "Baba, in na bari wa zai koya musu?" Na ce ai ba wanda ya roƙa.

Da gasar kofin duniya ta matso, aka rufe makarantu, filin atisayenta ya zama wurin ajiye motoci. Shugaban kwalejin ya ce mata za a shirya wasa guda da wata ƙungiyar mata daga maƙwabciyar ƙasa bayan gasar, zai zo ya kalla da kansa, daga nan ya san ko zai sabunta mata kwantiragi. In bai sabunta ba, shi ke nan, takardar zamanta ma ta tafi. Da yake ba ta da ɗakin ajiya, sai ta ba ni amanar sandunan a bayan bas.

Ni kuwa aka mayar da ni jigilar ƴan kallo. In na sauke su kusa da Kornish, can bakin teku, sai in yi ta zaman jira, ga hannu ba aikin yi. Wata rana na zaro sanda guda na duba. Wallahi tausayi ya kama ni. Raga a ɗaure tamau, ba zurfi, ko tarwaɗar da ta mutu ba za ta zauna a ciki ba. Na ce ashe shi ya sa ƙwallo ke ta faɗo wa yaran nan, Turawa sun sayar wa baiwar Allah kayan banza. Na kwance, na sake saƙawa, na yi mata aljihu mai zurfi. Wani abokina direba, ɗan Zangon Kumasi, ya ce, "Alhaji, ka tambayi mai kayan kuwa?" Na ce masa alheri ba a yi masa sallama. Kafin a ɗaga kofi na gama da su kaf.

Ranar wasan cunkoso ya riƙe ni a unguwar Tsohon Filin Jirgi, na iso a makare. Koci na ta "yalla, yalla", wato a yi maza, kowace yarinya ta fizgi sanda ta shiga fili, alƙaliyar wasa ma ba ta tsaya dubawa ba. Sai ga yaranmu sun zama wasu iri. Wadda kullum ƙwallo ke zame mata ta ratsa fili kamar da danƙo aka manna mata, ta zura a raga. Na ga koci ta ƙanƙance ido ba ta yi murna ba, na ce kunya ce irin ta masu ilimi.

Ni kam ban iya haɗiyewa ba. Na je har gaban shugaba, na bugi ƙirji, na haɗa Larabci da Turancin da nake da su, na ce, "Mudir, ni ne! Duka ni na gyara!" Ya jinjina kai.

Ina cikin haka na ga wadda ta ci ta yar da sandarta a ƙasa. Na ɗauka salon murna ne. Ashe doka ce, duk wadda ta ci sai ta saki sanda a duba. Alƙaliya ta ɗauka, ta jefa ƙwallo a ragar, ta ɗaga daidai idonta. A ƙa'ida dole a hango saman ƙwallon. Tawa kuwa, saƙar Yawuri, ta haɗiye ta ɗungurungum. Aka soke cin. Aka karɓi sanda ta biyu, aka karɓi ta uku, har aka tara su gefe kamar itacen girki. Shugaba ya juyo ya dube ni, ni kuma na shiga duban takalmina.

Koci ta tako ta tsaya tsakanina da shi. Ta ce masa kayan wasa haƙƙinta ne ta duba, ba ta duba ba, kada a taɓa direba. Sannan ta juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Baba, faɗuwar ƙwallon nan ita nake koya musu su hana. Shi ne wasan gaba ɗaya." Ta je ta ari sanduna wajen baƙin aka ci gaba. An lallasa mu, ba ƙarya, amma yaran ba su daina gudu ba har aka busa usur.

Ba a sabunta mata ba. Kocin baƙin ce, da ta ga yadda ta tsaya, ta ɗauke ta aiki a can ƙasarsu. Mataimakiya kuma, bayan duk shekarun nan. Ni na kai ta filin jirgi, na yi ta ba ta haƙuri har ta gaji ta ce, "Baba, ya isa. Na saba haɗa akwati." Ta miƙo mini sanda guda cikin waɗanda na gyara, ta ce babu inda za a yarda da ita a duniya sai Yawuri.

Tana nan a gidana, da ita nake tsinko mangwaro, kuma ko sau ɗaya bai taɓa faɗowa daga ragar ba. Abin da na koya shi ne, yanzu in na ga abin wani ya karkace, kafin in kai hannu sai na tambaye shi ko haka yake son abinsa. Yawanci kuwa haka yake so.